Hannun ƙofar tsohuwar mota ya karye? Ga yadda nake gyara shi

Motata Volkswagen Beetle ce ƙirar 1971, kuma sau biyu hannun ƙofar direba yana karye mini cikin shekara guda kafin na gano inda gizo ke saƙa. Karon farko na matsa ɗan harshen da ke bayan hannun, wanda ake ja da yatsu kamar kunamar bindiga, sai na ji ƙas, ya saki, ƙofa kuwa ko gezau. Na nemo wani hannun na ɗaura, na ɗauka magana ta ƙare. Bayan wata bakwai shi ma ya tsage a daidai wurin da na farkon ya tsage. Sai a lokacin na zauna na kwance cikin ƙofar gaba ɗaya, na tarar kwaɗon da ke riƙe ta ya daskare da tsohon giris, ya bushe kamar ƙaro. Ashe kullum ƙarfi nake sa wa hannun don ya tura abin da ba ya son motsi. Na kashe maciji ne ban sare kansa ba.

Don haka kafin ka taɓa sukudireba, ka fara gano abin da ya lalace. Buɗe ƙofar ta ciki, ka tsaya a bakinta, ka ja hannun waje a hankali kana sauraro. Idan hannun yana lilo, ba ka jin nauyin komai a bayansa, to ko dai harshensa ya karye, ko sandar da ke haɗa shi da kwaɗo ta fita daga kilif ɗinta. Idan yana aiki amma ba ya komawa mazauninsa da kansa, sifirin ne ya tsinke ko ya goce. Idan duk hannun ne yake girgiza a jikin ƙofa, sukuru ko notin da ke riƙe shi ne ya kwance, ko tiredinsa, wato zaren da ke jikin sukuru, ya cinye. Idan kuma yana da tauri, sai ka haɗa da ƙarfi kafin ƙofar ta buɗe, to hannun lafiyarsa ƙalau tukuna, kwaɗo ne ke neman karya shi, kuma ka yi sa'a da ka lura yanzu.

Akwai abin da ya kamata kowa ya sani game da ƙarfen da aka yi waɗannan hannaye da shi, domin rashin saninsa ya salwantar da hannaye masu yawa. Ƙyallin da kake gani a waje fatar kurom ce kawai, siririya, a kan nikel. Abin da ke ciki a yawancin motocin shekarun 1950 zuwa 1970 narkakkiyar tutiya ce da aka zuba a mazubi, wadda ake kira zamak. Kusan dukanta tutiya ce, da alminiyam kamar kashi 4 cikin ɗari, da ɗan magniziyam, wani lokaci da jan ƙarfe kaɗan. Masu ƙera motoci sun so ta ne don tana ɗaukar kowace irin siffa kuma tana karɓar kurom da kyau. Aibinta biyu ne. Ba ta lanƙwasuwa, karyewa take yi. Sannan tana narkewa a wajen digiri 385 na ma'aunin Salshiyas, alhali waldar tagulla tana bukatar kusan digiri 900. Hannuna na farko da ya karye na kai wa wani mai walda, mutumin kirki mai son taimako, ya kai masa wutar gas, kafin in buɗe baki gefen hannun ya zube ƙasa kamar kitse a kasko. Ba ta yin ja ta gargaɗe ka yadda baƙin ƙarfe yake yi, zubewa kawai take yi. Hayaƙinta kuma yana sa zazzaɓi idan an shaƙa.

Gane ta ba wuya. Kanga maganaɗisu a jikin hannun. Idan ya kama da ƙarfi, baƙin ƙarfe ne, ana iya yi masa walda. Idan bai kama ba, juya bayan hannun inda ido ba ya gani ka ɗan goga magagari. Toka-toka mai haske zamak ne. Rawaya kuwa tagulla ce, wadda ake samu a motocin da suka fi waɗannan tsufa, ita kam tana karɓar walda lafiya lau.

Kayan aikin ba su da yawa: sukudireba mai kan kuros lamba 2 da lamba 3, mai faɗin baki guda ɗaya, sifana 8 da 10, filaya mai dogon baki, ƙaramar guduma, tocila, tsohon buroshin goge baki, kananzir, farin giris, da tsummoki. Ka tanadi ƙananan kwanuka ko murafun kwalba na zuba sukurori, na kowane sashe daban. Kuma ka ɗauki hoto da wayarka kafin ka cire kowane abu, musamman yadda sifirin ya kwanta. Ka cire kan batir na nagetif ma, domin ƙofa za ta yini a buɗe, fitilar cikin mota tana ci. A Beetle batirin yana ƙarƙashin kujerar baya.

Cire hannun waje ya danganta da motar. A Beetle daga ƙirar 1968 zuwa sama abin da sauƙi har mutum ya yi mamaki: ka buɗe ƙofa, ka ɗaga robar da ke gefenta daidai saitin hannun, za ka ga sukuru mai kan kuros a ɓoye. Kwance shi, ka tura hannun zuwa gaban mota, ƙugiyarsa ta gaba za ta fita daga raminta, sai ya zo hannunka. Kada ka ɓanɓare shi da sukudireba ta waje, fenti kawai za ka ɓata. Ni nakan manna tef na takarda kewaye da hannun tun kafin in fara. Wannan sukurun ya shekara hamsin a wurin, ba lallai ya amsa da wuri ba. Zuba masa man sassauta tsatsa, ka bar shi ya kwana in da hali. Ka tabbata bakin sukudireban ya cika ramin sukurun dam, ka doki ƙeyarsa da guduma sau biyu ko uku, sannan ka juya kana dannawa da nauyin jikinka. Da zarar ka ji bakin yana neman zamewa, dakata. Kan sukurun da ya cinye aikin yini guda ne na daban.

A wasu motocin da yawa noti biyu ne ke riƙe hannun ta cikin ƙofa, dole sai an cire murfin cikin ƙofar. Ko a Beetle ma sai ka cire shi, tunda kwaɗo za mu je. Fara da hannun ɗaga gilashi. Iri uku na sani: mai sukuru a ƙarƙashin murfin roba, mai ɗan fin da sai ka danna zoben bayansa kafin ka gan shi ka turo shi waje, da mai kilif kamar kofaton doki. Na ukun nan akwai dabararsa: zura gefen tsumma tsakanin hannun da murfin ƙofa, ka riƙa ja hagu da dama kamar mai goge takalmi, tsumman zai kamo kilif ɗin ya fito da shi. Sai abin ɗora hannu da zoben hannun ciki. Murfin kansa kilif-kilif ne ke riƙe shi kewaye. Zura faffaɗan abu kusa da kowane kilif ɗin, daf da shi, ka ɗaga. Kwalin da aka yi murfin da shi ya sha danshi shekara da shekaru, idan ka fizge shi daga kusurwa kilif zai tsaya a ƙofa ya yago kwalin. A bayansa akwai leda da aka manna. Ɓare ta a hankali ka ajiye, ita ce ke hana ruwan da ya bi gilashi ya jiƙa murfin. Ɗaga gilashin sama har ƙarshe domin hannunka ya sami wurin shiga, kuma ka kula da gefunan ramukan ƙofar, suna da kaifi.

Idan akwai sanda tsakanin hannu da kwaɗo, kilif ɗin roba ne ke riƙe ƙarshenta. Juya shi gefe ya saki sandar, sannan ka zaro ta. Sau da yawa a nan ma matsalar take ƙarewa: kilif ya tsufa ya farfashe, sanda ta faɗi cikin ƙofa. Sabon kilif shi ne gyaran. Ɗaurin waya yana kai mutum gida, amma yana sassautawa cikin 'yan makonni.

Yanzu hannu yana kan teburi. Wanke shi da kananzir, ka duba shi a wuri mai haske. Abu na farko da nake nema shi ne lafiyar ƙarfen kansa. Idan ka ga jikinsa ya kumbura, ƙananan tsaga sun bazu ko'ina kamar busasshiyar laka, yana marmashewa idan ka kankare shi, to ƙarfen ya ruɓe daga ciki. Wannan ciwo ne na tutiyar da aka gauraya da ɗan dalma tun wurin zubi, kuma ba shi da magani. Cire gidan makulli da sifirin ka adana, ka nemi wani hannun. Ƙananan ƙuraje a kan kurom kuwa ba komai ba ne, muni ne kawai, ƙarfin hannun yana nan.

Idan harshe ne ko madanni ya karye, shawarata ita ce a musanya shi da wani, domin duk ƙarfin yatsunka a kan wannan siririn wurin yake sauka. Fin ne guda ke riƙe shi. Ɗora hannun a kan katako mai rami, ka saita fin ɗin da ramin, ka buga shi da siririyar ƙusa da ka yanke tsininta. Bugu kaɗan-kaɗan, kuma ka tabbata wurin da kake bugawa ya zauna sosai a kan katakon, in ba haka ba kunnen da ke riƙe fin ɗin zai ɓalle. Nakan sa hannun cikin farar leda in yi aikin a ciki, saboda sifirin idan ya yi tsalle ba a cika ganinsa ba. Harshen da zan sa nakan ciro shi daga tsohon hannu na asali, kuma na fi neman na ƙofar fasinja, domin bai sha ja kamar na direba ba. Ka jera su biyun ka kwatanta kafin ka ɗaura. Akwai sababbin hannaye na kwaikwayo, wasunsu ba laifi, amma waɗanda suka ratsa hannuna kurom ɗinsu ya fi siriri kuma ramukansu ba sa zama daidai sai an goga. Tsohon na asali mai ƙuraje ya fi mini sabon da ke ƙyalli.

Idan jikin hannun ne ya rabu biyu a wuri mai kauri, ana iya ceto shi, amma gam kaɗai ba zai riƙe ba. Sai an dasa masa ƙashi a ciki. Ga yadda nake yi. Na farko, kada ka goge fuskokin karayar da samfefa, wannan gargajen nasu shi ne zai sa su koma mazauninsu daidai. Wanke su kawai da tina su bushe. Ɗiga ɗan fenti a tsakiyar fuska ɗaya, ka haɗa su a hankali ka raba, fentin zai bar alama a ɗayar. Huda kowace fuska a kan alamar, zurfin milimita 10 zuwa 12 idan kaurin ya ba da dama. Fin ɗin ƙarfe mai kaurin milimita 3 nake sawa, kuma na fi son in yanko shi daga jikin dogon sukuru, saboda tiredinsa yana ba gam abin kamawa. Rami ɗaya ya zama daidai da fin, ɗayan ka ɗan faɗaɗa shi zuwa uku da rabi, domin da wuya hannun mutum ya huda ramuka biyu su miƙe sak, wannan 'yar sararin ita za ta shanye kuskuren. Injin huda ya tafi a hankali. Zamak yana da laushi, yana cafke bakin huda ya fizge shi ciki. Gwada haɗawa ba gam tukuna, har sai layin karayar ya rufe ruf. Sannan ka kwaɓa gam mai haɗi biyu, irin mai garin ƙarfe da ke daɗewa kafin ya kama, ka cika ramukan, ka shafa a fuskokin, ka haɗa, ka ɗaure da robar tayar keke. Goge wanda ya bulbulo tun yana ɗanye. Bar shi awa 24 cur. Mai kamawa cikin minti biyar ba shi da ƙarfin wannan aikin, sufa gulu kuwa kada ma a kawo shi kusa.

Inda wurin ya yi siriri ba zai ɗauki fin ba, nakan yi masa ɗori ta baya: ɗan ƙarfe mai kaurin milimita ɗaya da rabi, a lanƙwasa shi ya bi siffar hannun, a kwantar da shi cikin gam, a ɗaure da ƙananan sukurori M3 biyu, wato masu kaurin milimita 3, ɗaya kowane gefen karaya. Ramin M3 bakin huda na milimita biyu da rabi ake sa masa kafin a yanka tiredi. Akwai kuma sandunan liƙi na musamman masu narkewa ƙasa da zafin da zamak ke narkewa, kuma a hannun wanda ya saba suna aiki. Sai dai dole a kankare kurom daga wurin, kuma tazarar da ke tsakanin liƙewa da zubewa kaɗan ce. Wanda zai gwada ya fara koyo a kan mataccen hannu.

Tiredin da ya cinye shi ne mafi sauƙi. Idan ramin na M5 ne kuma akwai nama kewaye da shi, huda shi da milimita 5 ka yanka tiredin M6. Idan ba nama, a sa zoben waya na gyaran tiredi, ramin ya koma girmansa na asali.

Gidan makulli fa, ka riƙe naka na asali ko da ka canja hannu, don makulli ɗaya ya ci gaba da buɗe ƙofa da tayar da mota. Ƙaramin sukuru ne ko kilif ke riƙe shi a cikin hannun. Abu ɗaya kada ka manta: zura makullin a ciki kafin ka zaro shi, kuma ka bar shi a ciki har ka mayar. Makullin ne ke danne 'yan faranta da sifirin ɗinsu masu sirantar gashi. In ka zare shi a waje za su tarwatse, kuma kowanne da gurbinsa. Wanke shi, ka busa masa garin girafait, wato irin baƙin da ke cikin fensir. Giris a gidan makulli ƙura yake tarawa.

To, sai kwaɗo, wanda saboda shi na rubuta duk wannan. Sukurori ne a gefen ƙofa ke riƙe shi. Saki sandar hannun ciki da ta maɓallin kullewa, a wasu motoci kuma sai ka kwance ƙasan hanyar gilashi ta baya ka kautar da ita kafin ya sami hanyar fita. Kada ka yi masa dole, juya shi za ka yi ta yi har ya sami kusurwar da zai fito. Jiƙa shi cikin kananzir na awa ɗaya ko biyu, ka bi kowane lungu da buroshi. Za ka ga abin da ke fita: baƙin giris, yashi, gashin tsumma, har ɓaraguzan tsohon kilif. Canja kananzir ka sake, har ya fito da tsabta. Bar shi ya bushe, sannan ka motsa kowane ɗan hannu da ke jikinsa da yatsa. Kowanne ya kamata ya tafi ba gardama ya dawo da kansa da 'yar ƙara. Wanda bai dawo ba, duba sifirinsa. Shafa farin giris a duk inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, kaɗan-kaɗan, kada ka cusa shi ya yi tuli. Feshin sassauta tsatsa da mutane ke yi ta ramin kwaɗo yana sa a ji daɗin ƙofa na mako biyu, daga nan ya bushe, ya bar wurin ya fi da tauri, tunda ya wanke ɗan man da ya rage.

Kafin ka mayar, duba ƙofar kanta. Buɗe ta kamar tafin hannu, ka kama ƙarshenta ta ƙasa ka ɗaga. Idan ta yi motsi sama da ƙasa, fin ɗin hinji ya cinye, ƙofar ta sauka, nauyinta yana kan ƙugiyar da ke jikin ginshiƙin mota. Irin wannan ƙofar ko kwaɗonta sabo ne sai an ja ta da ƙarfi. Za ka ga shaida a ƙugiyar, samanta ya goge yana ƙyalli. Maganin gaskiya sabon fin ne. Idan hinji lafiya yake, ƙugiyar ce kawai ta goce, zagaye ta da fensir don ka san inda take, sassauta sukurorinta, ka matsa ta milimita ɗaya ka gwada. Da milimita ake wannan aikin. Tunda ƙofa tana buɗe, zura waya ka buɗe ramukan zubar ruwa da ke ƙasanta.

Wajen mayarwa, sa sababbin robobi a ƙarƙashin hannun, gaba da baya. Su ke hana ruwa shiga kuma su hana kurom cin fenti. Idan babu, yanko su daga tsohon tiyub. Ɗaure sukuru har ya zauna, ka ƙara ɗan juyi kaɗan, ka tsaya. Zamak ba ya son matsi, yawancin tiredin da na gani sun cinye hannun mai gyara ne ya cinye su.

Kada ka rufe ƙofar tukuna. Wannan gwajin ya fi komai muhimmanci a wurina, domin ƙofar da ta rufe kuma hannayenta biyu suka ƙi aiki babbar wahala ce, murfin ciki ba ya fita da daɗi idan ƙofa tana rufe. Ƙofa a buɗe, sa jikin sukudireba a bakin kwaɗo ka tura kamar ƙugiya ce ta shiga. Ka ji ƙara biyu, kamun farko da na biyu. Ja hannun waje, ya saki. Sake turawa, ja na ciki. Sake, ka kulle da makulli, ka tabbata hannun waje bai buɗe ba, ka buɗe da makulli ka sake ja. Yi haka sau biyar ko shida. Idan motar mai sanda ce kuma hannun sai ya kai ƙarshe kafin ya saki, ƙara tsawon sandar ta wurin tiredinta, amma ka bar 'yar sarari kamar milimita ɗaya ko biyu kafin ya fara turawa, don kada kwaɗo ya zauna rabi a buɗe ƙofa ta ɓalle ana tafiya.

Sai ka sauke gilashi ƙasa gaba ɗaya, sannan ka rufe ƙofar karon farko, murfin ciki bai koma ba tukuna. A Beetle sauke gilashin yana da amfani na biyu: motar ba ta fitar da iska sosai, idan tagogi duk a rufe suke iskar ciki tana tokare ƙofa, sai mutum ya ɗauka gyaransa ne bai yi ba. Ƙofar ta kama da turi mai sauƙi, ta buɗe da yatsu biyu. Idan ta yi haka sau goma a jere, manna ledar, mayar da murfin, ka ɗaura hannun gilashi yana kallon inda na ɗaya ƙofar yake kallo idan gilasan biyu suna sama.

Ranar da na gama ta direba na zagaya na kwance ta fasinja ma, duk da ba ta taɓa kawo ƙara ba. Girisin cikinta ya bushe daidai da na ɗayar, kuma da na haska harshen hannunta da tocila na ga siririyar tsaga ta riga ta fara daga gindinsa.